Filin Masu Walda: Agon a Kan Fayif, Huji, Baƙi da Tsagewa

Salamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka taru a wayata kusan duk na waldar agon ne, wadda a takarda ake kira TIG, wato waldar lantarki da gas ɗin agon ke lulluɓewa, shi ne na ce bari mu haɗa su wuri ɗaya tunda yanzu ko'ina ka leƙa a Sakkwato za ka iske yara sun sayi ƙananan injinan nan na inbata suna aikin relin da kujeru da ƙofofin silba, wato sitenles. Masu tambayar waldar kabayid ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Oga ina wuni, ya aiki. Ni yaron shago ne nan Mabera, maigidana ya sawo injin agon muna haɗa ƙafafun tebura da kujerun makaranta da baƙin fayif mai kaurin milimita 1.5. In na ja walda sai ta fito da huji-huji kamar saƙar zuma, wani sa'in ma ina kallo tana tafasa tana tartsatsi. Na ƙara gas har lita 20 a minti abin bai bari ba. A bakin titi muke aiki, kuma da wayar ɗaure rodi nike cikowa don fila, wayar cikon walda, ta yi tsada. Maigida ya ce injin ne jabu zai maida ma wanda ya sai mai. Mi kag gani?

Amsa: Lafiya lau ƙanena. Ka ce ma maigidanka ya bar injin nan ya huta, ba shi da laifi, ai kai da bakinka ka lissafo min masu laifin har uku. Huji a waldar agon gas ne ya shiga cikin narkakken ƙarfe ya rasa hanyar fita kafin ƙarfen ya daskare, to aikinmu shi ne mu gano daga ina gas ɗin ya zo.

Na farko wayar ɗaure rodi. Wannan ita ce ta fi ba ni haushi don kusan kowane shago haka ake yi. Filar gaskiya ta baƙin ƙarfe, wadda za ka ga an buga ER70S-6 ko ER70S-2 a jikinta, akwai silikon da manganis da aka zuba mata da gangan don su kwashe iskar oksijin daga cikin narkakken ƙarfe, wayar rodi ba ta da isasshen wannan, ga tsatsa ga mai a jikinta, shi ya sa kake ganin waldar na tafasa. Ko sandar waldar kabayid ba ta yi, balle wayar magina. A walda ta ilektirod akwai hodar nan ta jikin sanda da ke share datti ta fito da shi sama ka kankare, agon ba ta da mai share mata, duk abin da ka bari a jikin ƙarfe cikin waldar zai ƙare. Ka nemi fila 1.6, kilo ɗaya zai daɗe maka a kan irin wannan aikin fiye da yadda kake zato.

Na biyu shi kansa fayif ɗin. Baƙin fayif yana zuwa da baƙar fata a jikinsa da kuma man da ake shafa masa daga kamfani don kar ya yi tsatsa a hanya, kuma man nan har ciki yake, mutane sai su goge waje su manta da ciki, zafi na taɓa shi sai ya zama hayaƙi ya biyo ta bakin haɗin. Ka sa giranda ko samfefa ka goge kamar santimita 2 zuwa 3 daga baki har sai ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, ka zura yatsa da tsumma ka share ciki, sannan ka bi da asiton. Filar ma ka share ta, za ka sha mamakin baƙin da zai fito a tsumman. Kar ka sa fetur, kuma ina roƙonka da Allah kar ka sa irin feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, in hasken walda da zafi suka same shi yana komawa gubar fosjin wadda kaɗan ɗinta ke lalata huhu. Asiton ɗin ma ka bari ya bushe, ka rufe kwalbar ka kai ta nesa kafin ka kunna wuta.

Na uku iska, kuma nan ne ƙarin gas ɗinka ya cuce ka. Agon lulluɓe waldar yake yi a hankali, iskar da ta wuce kamar kilomita 8 a awa ta isa ta kwashe shi, to wannan ai ba komai ba ce a wurin iskar hunturun Sakkwato, ko tirelar siminti ta wuce ta gaban shagonku ta gama da kai, haka fanka in kana aiki a ciki. Da ka buɗe gas zuwa 20 a ƙaramin kofi, wato bakin tocin walda da gas ke fitowa ta cikinsa, sai ya riƙa fitowa da ƙarfi yana hautsinewa yana jawo iskar waje cikin waldar da kansa, ga asarar kuɗi, kuma kowa ya san wahalar cika tukunyar agon a garin nan. Kofi lamba 6 ko 7, lita 6 zuwa 8 a minti ya ishe ka. Ka kafa kwano ko falanki ta gefen da iska ke zuwa, ko ku ja teburin aiki can ƙuryar shago.

In ka yi duk wannan huji bai bari ba sai ka dawo kan layin gas. Kaɗa ruwan omo ka shafa a geji da duk mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan yake yoyo, kuma tiyon da ke yoyo yana iya shigo da iska ba fitarwa kaɗai ba. Duba ƙaramin roban nan na hular bayan toci, da kofin ko ya tsage. Sai gwaji na ƙarshe: samu guntun ƙarfe mai kauri ka goge shi fes, ka kunna wuta a wuri ɗaya ba fila na ɗan daƙiƙu ka kashe ka bar tocin a kai. In wurin ya fito fari tsaf, tsinken tongistin ma, wanda wutar ke fitowa daga bakinsa a toci, bai sake kala ba, gas ɗinka lafiya. In ya fito da toka-toka tsinke ya yi baƙi, to ka tuhumi tukunyar, ta yiwu ba tsantsar agon ba ne a ciki, akwai mai haɗi da CO2 wanda na wata walda ne daban mai suna MIG, ba ya yi a nan sam. Kuma waldar da ta riga ta yi huji ba a bin ta da wata a rufe, gurje ta za ka yi har ƙasa ka sake.

Tambaya: Malam ni komai na tafiya daidai har sai na zo rufe zagayen ƙarshe, sai wurin ya busa ya bar rami, in cika ya sake busawa. Firem ne na gado, fayif mai kusurwa huɗu. Daga Gidan Igwai.

Amsa: Ka toshe fayif ɗin ta duka bakin biyu ne. Iskar da ke ciki ta yi zafi ta kumbura, ba ta da mafita sai ta wurin da ƙarfe ke narke. Huda ɗan rami na milimita 2 ko 3 a ƙasa inda ido ba ya gani, ko a jikin fayif ɗin da zai haɗu da shi ta yadda iskar za ta wuce can, in aiki ya huce ka ɗiga ka rufe in kana so. Shi ke nan.

Tambaya: Baba barka da aiki. Sabon inji ne, tsinken na narkewa yana dunƙulewa tun kafin ƙarfe ya narke, tsinke uku na ƙone yau. Da ilektirod injin na aiki lafiya lau. Ɗalibi daga Farfaru.

Amsa: Yawwa ɗana, kusan na rantse ka bar wayoyin yadda kuke waldar ilektirod. A agon in baƙin ƙarfe ko silba za ka yi, toci yana shiga ramin da ke da alamar ragi, wayar at kuma, wadda ake maƙalawa a jikin aiki, a mai alamar tarawa. Haka ne zai sa yawancin zafin ya sauka a kan aiki. In ka juya su zafin kan tsinke yake komawa, kuma duk da tongistin sai ya kai digiri 3,422 yake narkewa, ƙarfe kuwa wajen 1,500, siririn tsinke 1.6 ba zai jure ba. In injinka mai AC da DC ne ka tabbata yana kan DC, AC na alminiyom ne.

Tunda mun zo nan bari in ƙara maka. Tsinke mai koren kai na alminiyom ne, ka nemi mai shuɗi ko ruwan gwal ko ruwan toka ko ja. Jan yana da toriyom kashi 2 cikin ɗari wanda ke da ɗan tururin radiyeshin, riƙe shi ba matsala, ƙurarsa ce ba a so a shaƙa lokacin wasawa, ka sa takunkumi. Wasawa kuma a tsaye ake yi, layin dutse ya bi tsawon tsinken zuwa tsini, in ka wasa shi a kwance yana zagayawa wutar za ta riƙa yawo ba ta tsaya inda ka nuna ba. Tsawon tsinin kamar kaurin tsinken sau 2 zuwa 2 da rabi. Ka ware masa dutsensa daban. Duk sanda ya taɓa narkakken ƙarfe ko fila, tsaya ka cire ka sake wasawa, na san da gajiya amma masu koyo gara su wasa guda biyar su jera a gefe tun da safe. Kuma in ka kashe wuta kar ka ɗauke toci nan take, gas ɗin da ke biyo baya shi ke kare tsinken da waldar har su huce, ana ba shi kamar daƙiƙa 1 a kan kowane amfiya 10.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ba mai walda ba ce, gida muka gina a Arkilla aka sa muna relin silba a bene da baranda. Tun ranar da anka sa na ga wuraren haɗin sun yi baƙi, mai aikin ya goge ya ce ba komai. Damina ɗaya yanzu duk haɗin ya yi ja da tsatsa. An ce min silba ba ya tsatsa, to cutata aka yi ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a gidan. Ba zan yanke ma mutumin hukunci ban ga aikin ba, amma zan faɗa miki abin da ke jawo haka, ke ma ki san tambayar da za ki yi masa. Abin da ke hana sitenles tsatsa kuromiyom ne da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke yin wata siririyar fata a sama wadda ido ba ya gani. In mai walda ya zuba wuta da yawa ko ya yi ta jan ƙafa a wuri ɗaya, ko gas bai rufe da kyau ba, kuromiyom ɗin wurin ƙonewa yake yi, wani kuma ya haɗe da kabon ɗin cikin ƙarfen in ya daɗe tsakanin digiri 450 zuwa 850, sai wurin ya zama ba shi da kariya. Kalar walda tana faɗin gaskiya: fari ko ruwan gwal mai haske aiki ya yi, shuɗi da shunayya zafi ya fara yawa amma ana gogewa, toka-toka ko baƙi mai kaushi kuwa an dafa shi. Wannan baƙin da kika gani ranar farko shi ne.

Akwai kuma wasu hanyoyin. In ya ciko da filar baƙin ƙarfe maimakon ER308L, haɗin dole ya yi tsatsa ko da hannunsa na zinari ne. In ya goge da burushi ko faifan girandar da ya gama aikin baƙin ƙarfe da shi, ya dasa ƙurar ƙarfe a jikin silban, ita ke yin ja da ruwan farko. Wannan ta ƙarshen ita ce mai sauƙi, a goge da sabon faifai a yi foli a wanke, ta tafi. Sai maganar fayif ɗin kansa: akwai 304 mai kuromiyom 18 da nikel 8, akwai 201 mai araha wanda aka rage masa nikel aka ƙara manganis, a ido duk ɗaya suke kuma maganaɗisu ba ya raba su don duka biyun ba su cika kama shi ba. 201 a cikin ɗaki ba laifi, a baranda inda ruwa ke duka shi ne ke saurin nuna hali, musamman a wurin walda. In tsatsar a haɗi kaɗai take jikin fayif na nan fes, na fi zargin hannu da fila. Ki kira shi da mutunci ya zo ya gani, ki tambaye shi wace fila ya sa. In ya goge wuri ɗaya aka ga ƙananan ramuka a ƙasa to sai an yanke an sake, kuma tunda relin bene ne yara na jingina a kai kar a bar shi sai wata damina.

Ku kuma 'yan'uwana masu wannan aikin, silba ba ya son wuta kamar baƙin ƙarfe don yana riƙe zafi a wuri ɗaya, fayif na milimita 1 amfiya 30 zuwa 40 ya isa, ku matso da tsinke kusa ku yi sauri. In fayif ne da ruwan sha ko madara ko wani abinci zai bi ta ciki, dole a toshe bakuna a cika cikin da agon kafin a fara, in ba haka ba bayan waldar zai yi burtsi-burtsi baƙi ta ciki inda ba mai iya gogewa, nan datti ke maƙalewa.

Tambaya: Oga muna gyaran fayif ɗin injin ban ruwa na masu albasa nan wajen Goronyo, galbanaiz ne. Agon ɗin tartsatsi yake yi da farin hayaƙi, tsinke na lalacewa. Kuma da dare sai zazzaɓi da ciwon jiki su rufe ni, abokaina sun ce in sha madara.

Amsa: Madara ka sha don daɗinta, amma ba ta maganin wannan, hayaƙin huhu yake shiga ita kuwa ciki take tafiya. Galbanaiz zinki ne aka lulluɓe ƙarfe da shi, zinki kuma yana tafasa a digiri 907, tun ƙarfen bai yi tunanin narkewa ba shi ya zama hayaƙi, shi ne farin da kake gani, shi ke tsalle ya manne a tsinke, shi ke huda waldar, shi ne kuma ke sa maka zazzaɓin nan bayan wasu awanni. Yawanci yana sauka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma in numfashi na yi maka wuya ko ƙirji na ciwo ka tafi asibiti ka gaya musu aikin da kake yi, don a nan kowane zazzaɓi maleriya ake fara ce masa.

Gaskiyar magana agon ba ta dace da wannan aikin ba. Fayif mai kauri, a fili cikin fadama, ga iska ga zinki, ilektirod 6013 ko 6011 ya fi maka sauƙi da araha. In kuma dole sai agon, gurje zinkin gaba ɗaya santimita 3 zuwa 5 daga baki, waje da ciki, ka tsaya ta inda iska ke kwashe hayaƙin daga fuskarka, in ka gama ka shafa fenti mai zinki don wurin da ka gurje ba shi da sauran kariya.

Tambaya: Malam muna gyaran firem ɗin agwagwa da buje, wato keke napep, da kariyar mashin na 'yan kabu-kabu. Abu biyu: siririn fayif na ɓulewa, in kuma ya yi kyau bayan sati biyu sai a dawo da shi ya tsage daidai inda na tsaya. Daga Tudun Wada.

Amsa: Ɓulewa dai lissafi ne. A baƙin ƙarfe ana ba kowace milimita 1 ta kauri wajen amfiya 40, to 1.2 kana neman 45 zuwa 50, ba 90 da kuka saba da ita a ilektirod ba. Amma abin da ya fi ɓula fayif shi ne gibi. Ka yanka da giranda a karkace ka bar ramin da ɗan yatsa zai shiga sannan ka ce agon ta cike maka, bakin siririn ƙarfe ba shi da inda zai kai zafi sai ya janye ya bar ka da rami. Ka ɓata lokaci ka fere bakin ya zauna ɗaf a jikin ɗan'uwansa. Tazarar tsinke da aiki kar ta wuce kaurin tsinken, in ka ɗaga hannu wutar faɗi take yi ta cinye gefe ta bar kwari a bakin waldar, wannan kwarin kuma nan tsagewa ke farawa a abin da ke shan girgiza. Inda siriri ya haɗu da mai kauri, karkata wutar wajen mai kaurin. Ka ɗiga a wuri huɗu ka kama shi tukuna, sannan ka yi kwata ɗaya, ka tsallaka kishiyarsa, haka har ka zagaye, in ka zagaye a jan farko firem zai karkace mai keke ya dawo yana cewa tana ja gefe ɗaya.

Tsagewar inda ka tsaya kuwa, kana sakin maɓalli ne farat ɗaya, narkakken wurin ya daskare daga gefe ya bar ɗan rami a tsakiya, wani lokaci da tsaga siririya da ba ka gani, titunanmu kuma su ƙarasa sauran. Akwai maɓallin da ke rage wuta a hankali in ka saki, sa shi a daƙiƙa 2 ko 3, ka ƙara ɗigon fila ɗaya ko biyu yayin da wutar ke sauka, ka kuma hau kan farkon waldar da kamar milimita 5 kafin ka tsaya. Kar ka tsaya a kusurwa. Kar ka watsa ruwa don mai mashin na sauri, bar shi ya huce da kansa. In tsohuwar tsaga kake gyarawa huda ɗan rami a ƙarshenta kowane gefe, ka gurje ta duka, don in ka shafa walda a sama tana nan a ƙasa tana tafiya. Firem ɗin da ya riga ya ruɓe da tsatsa kuwa ka gaya ma mai shi gaskiya a yanke a sa sabon guntu da ɗan fayif a ciki, mutane ake ɗauka a kai.

Tambaya: Injina na ɗaukewa da rana, wata 'yar fitila ta kama, sai ya huta ya dawo. Ya lalace ne? Daga Kwannawa.

Amsa: Bai lalace ba, kare kansa yake yi. Duba takardar jikinsa za ka ga an rubuta misali 60% a gaban wani adadin amfiya, ma'ana minti 6 na aiki cikin kowane minti 10, kuma a zafin digiri 40 ake auna wannan, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Ɗauke shi daga rana, ɗaga shi daga ƙasa, bar masa fili ta baya, in ya ɗauke kar ka kashe shi bar fankarsa ta yi ta juyawa. Cire shi daga wuta lokaci-lokaci ka buɗe ka hure ƙurar hunturu da ta giranda da iskar mai faci. In da janareta kake aiki ka tabbata mai ƙarfi ne da ke riƙe wuta daidai, ƙaramin da ke shaƙewa in ka kunna walda shi ke ƙona allon inbata, kuma doguwar siririyar wayar da kuke ja daga shagon maƙwabci ita ma tana rage wutar kafin ta iso.